Taɓaryar Tasalla

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Wai ga ni a kasuwar itace, ina neman icen da zan sassaƙa wa 'yata Nusaiba sandar besbal, wasan nan nasu na makaranta da ake maka wa ƙwallo sanda a zuba da gudu. Sandarta ta tsage, kuma malaminsu ya ce wadda ba ta da sanda ranar Asabar sai dai ta yi kallo. Wannan ɓangaren ba mafarki ba ne, da shi na kwanta.

A kasuwar, itatuwa ne zaune cikin rumfuna suna sayar da rassansu. Ruwa na tashi daga ƙasa yana yin sama, kowa ya kifa lemarsa ya taka. Sarkin kasuwa wani bunsuru ne mai tabarau, shi ya yi mini jagora yana tauna gefen rigata.

Ƙirya muka fara tararwa. Ta ce, "Ni ba na karyewa. Sai dai in yarinyar ta ɗaga ni yau, jibi za ta kai duka."

Rimi ya ce shi ba shi da nauyi ko kaɗan, amma gaskiya ƙwallon ce ke bugunsa. Maɗaci kuwa bunsuru ya hana ni ko taya shi, wai duk ƙwallon da ya buga sai ta yi yaji ta tafi gidan iyayenta.

Sai kawai na gan ni a tsakar gidanmu. Ga Tasalla, matata, wadda ta rasu Nusaiba tana rarrafe. Gajimare take dakawa a turmi, da taɓaryarta ta icen marke. Taɓaryar nan tun rasuwarta take jingine bayan ƙofar ɗakina, ban yarda ko ƙanwata ta taɓa ba. Kewarta ta taso mini har na kasa gaishe ta.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Baban Nusaiba, ka rame. Me kake nema a kasuwa?"

"Ice mai ƙwari, marar nauyi, wanda zai zauna a hannun yarinya."

"Shi ne ka baro shi a bayan ƙofa ka fito yawo?"

Na ce, "Sai fa an yanke ta biyu, Tasalla. Ita kaɗai ta rage mai shatin hannunki."

Ta yi 'yar dariyar nan tata. "To ina laifi? Rabi naka, ka ci gaba da jinginewa. Rabi nata. Yarinyar nan ba ta san hannuna ba, Malam. Bar ta ta riƙe inda na riƙe."

Bunsuru ya cire tabarau ya share ido da kunnensa. Tasalla ta koma dakanta, tim, tim, gajimaren na zama gari.

Da wannan ƙarar na farka. Gari ya waye, kuma ba turmi ba ne. Nusaiba ce a tsakar gida take dukan ƙwallo da tsagaggiyar sandarta, ta ɗaure ta da roba. Na leƙa bayan ƙofa. Na daɗe ina shafa wurin nan na tsakiya da ya yi santsi, sannan na ƙwala mata kira, na ce ta miƙo mini zarto.