Dabarar Farfesa

Mijin yayata gyaran waya yake yi a bakin titi, amma Farfesa muke ce masa. Idonsa ras, tabarau kuwa ba ya sauka daga hancinsa. Ko ruwa zai roƙa sai ya yayyafa Turanci.

'Yarsu ko rarrafe ba ta fara ba zazzaɓi ya kama ta, ta sandare, ta yi ta jijjiga. Da abin ya maimaita, likita ya ɗibi jini. Ya ce farfaɗiya ce mai biyo zazzaɓi, wani ɗan abu ne ya kauce a ƙwayar halittarta, kuma sau da yawa gadonsa ake yi. Ya ce akwai magani. Yaya ba ta ji "magani" ba, "gado" kawai ta ji.

Surukarta, Mama, ita ma shi ta ji. Ta zo dubiya, ta zauna kusa da fanka tana kallon silin.

"Mu dai kaf danginmu, ko ciwon kai sai baƙo ya kawo."

Yaya ta daina cin abinci. Sai ta riƙe ƙafar yarinyar tana cewa, "Yafe mini."

Ranar da Mama ta dawo, Farfesa ya tare ni a bakin ƙofa.

"Ƙanwata, na tsara dabara. Ki dai riƙa gyaɗa kai."

Ya shiga, ya yi gyaran murya.

"Mama, daga wajena ne. Ni ma ina ƙarami na yi irinsa."

Na kusa shaƙewa. Mutum ya rasa wanda zai shirga wa ƙaryar yarintarsa sai wadda ta goya shi! Na dai gyaɗa kai.

Mama ta sauko da idonta daga silin.

"Wa ya gaya maka?"

"Na'am?"

"Na ce wa ya gaya maka? Ko ubanka ban bari ya sani ba."

Farfesa ya sauke tabarau daga hancinsa, Mama ta ci gaba.

"Da jikinka ya yi zafi sai na kulle ɗaki, na kwantar da kai a gefenka, ina jira ya wuce. Kana shiga makaranta ya bar ka."

Ta share ido da bakin mayafi, ta juyo wajen Yaya.

"Miƙo mini ita, 'yata. Dube shi nan, ƙato, ba abin da ya rage masa sai surutu. Tashi ki sa wani abu a cikinki."

Yaya ta miƙa yarinyar. Daga kicin muka jiyo ƙarar murfin tukunya.