Ƙarar Daka a Filin Zari-Ruga

Malam Hashimu bai taɓa kiran ɗansa na fari da sunansa ba. A ƙauyensu da ke gefen Tsanyawa wannan ba abin mamaki ba ne, kunyar ɗan fari ce. Shekara ashirin da bakwai yana ce masa "kai wannan". Marigayiya Safiyatu, uwar da ta haife shi, har ta koma ga Allah "mutumin" take cewa. Ƙanwarsa Sauda kuma Yaya take ce masa. Saboda haka ba a jin sunan Kamaruddeen a gidan sai in baƙo ya zo.

Kamaruddeen yana Faransa, yana buga ƙwallon zari-ruga a wani kulob na rukuni na biyu. A sakandare a Kano wani malami ya ga faɗin ƙirjinsa ya sa shi a wasan, daga nan Legas, daga Legas sai jirgi. Kakar wasansu tana farawa lokacin da gero ke fitar da kai, ta ƙare dab da ruwan shuka. Bana kulob ɗin yana neman hawa rukuni na ɗaya.

Kowace Asabar da hantsi yake kira. Sauda, wadda ke koyarwa a firamare, sai ta jingina wayar da buta a zaure, su zauna gabanta.

"Yaya, kunnen nan naka ya koma kamar ƙosan da aka taka," in ji ta a Asabar ta farko.

"Ke kuma bakinki bai canza ba. Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau. Kai wannan, har yanzu dai turereniyar ake yi?"

Kamaruddeen ya taɓa yi musu bayaninta. Ƙarti takwas a nan, takwas a can, su sunkuya su sarƙe kawuna su yi ta turi, a jefa ƙwallon ta ƙarƙashinsu. Shi yana sahun gaba, inda nauyin kowa ke sauka a wuyansa.

Ana cikin yankan dawa ya ba su labarin da ya ba Malam dariya. An buge shi a kai, aka fitar da shi wajen likitar kulob. Dokarsu ita ce likita ta karanta wa mutum kalmomi goma, ta ɗan ja shi da wasu tambayoyi, sannan ta ce ya maimaita. In ya kasa, an san ƙwaƙwalwa ta girgiza, sai ya huta makonni.

"Baba, ido na ganin bibbiyu, amma na ɗora kalmomin a kan muryar karatu kamar yadda ka koya mana. Na kawo su goma cif. Ta mayar da ni fili."

Malam Hashimu malamin hadda ne, kuma a hannunsa yaron ya haddace izu sittin. Ya shafa gemu yana murmushi.

"Ai wanda ya riƙe Baƙara ba kalma goma ce za ta kayar da shi ba. In ta karanta, ka bi ta sau uku a zuci kafin ka buɗe baki."

Har a masallaci ya ba da labarin.

Sau uku aka sake fitar da shi kafin a gama sussukar dawa, sau uku yana komawa fili. Kulob ɗin ya hau na huɗu a teburi, sannan na uku. Amma kiran Asabar ya fara sauyawa. Sai ya tambayi lafiyar jakin gidan, a amsa, can an jima ya sake tambaya. Wata rana ya saka baƙin tabarau a cikin ɗaki, ya ce hasken fitila ne ke sukarsa. Wata rana ya ce a gaishe da Kawu Tasi'u, wanda shi da kansa ya riƙe makararsa shekara shida da suka wuce.

Malam ya gwada shi. Ya ja masa baƙi daga tsakiyar Suratul Kahfi, Kamaruddeen ya ɗauka ya zuba shafi biyu babu tuntuɓe.

"Kin ji? Lafiyarsa ƙalau," in ji Malam bayan an kashe waya.

"Baba, ka tambaye shi wane wata muke ciki mana," in ji Sauda.

Bai tambaya ba.

Da zafi ya kama sosai, aka fara kai taki gona, kulob ɗin ya kai wasan ƙarshe. Wanda ya ci shi zai hau rukuni na ɗaya. Saura kwana bakwai Kamaruddeen ya kira, yana zaune a bakin gado, muryarsa a kwance.

"Baba, akwai abin da nake ji a cikin turereniya."

"Ina jin ka."

"In muka sunkuya, ciki duhu ne, ba ka ganin komai sai ciyawa da ƙafafu. Da can ihun 'yan kallo nake ji. Yanzu sai ihun ya ɗauke, in ji daka. Lugude, irin na Inna, mai ɗan tsayawar nan kafin ta tafa."

Sauda ta sauke hannunta daga haɓa.

"Jiya ta yi magana. Ta ce turminta ya tsage, ba wanda ya kula."

Turmin yana bayan rumbu a kife tun ranar sadakar arba'in ɗinta. Sauda ta tashi ta nufi bayan rumbun. Da ta dawo, a bakin ƙofar zaure ta tsaya, ba ta shigo ba. Malam ya dube ta, ta ɗaga masa kai.

"Icce ne, zafi ne ya tsaga shi," in ji Malam, amma bai ɗaga murya ba.

"Sannan ta kira ni," in ji Kamaruddeen. "Ta ce, Kamaruddeen, taho."

"Ta ce me?"

"Sunana ta kira, Baba. Ban taɓa jin sa a bakinta ba. Da daɗi."

Malam Hashimu ya ƙura wa wayar ido. Ya zauna da Safiyatu shekara ashirin da biyar. Ko ranar da yaron ya faɗa rijiyar gona aka ciro shi, "mutumin, mutumin" take ihu. Ko a ciwon ajalinta ba ta faɗi sunan ba.

Bayan la'asar ya je bayan rumbu da kansa. Tsagar ta taso daga gindi har baki, sabuwa, cikinta fari. Ya daɗe a tsaye. Bai san me ke kiran ɗansa ba, amma ya san ta inda ya samu ƙofa, kuma ya san wanda ya koya wa yaron yadda zai wuce likita.

Ranar Alhamis ya ce wa Sauda ta kira, bai jira Asabar ba.

"Kai wannan, gobe ka je wurin likitar nan. Ka gaya mata ganin bibbiyu, da mantuwa, da dakan. In ta karanta kalmominta, kada ka ɗora su a kan karatu. Na yi kuskure da na ce ka yi."

"Baba, wasa ɗaya ya rage. Wata tara muna wahala. In na faɗa ba za su saka ni ba, watakila ma shi ke nan."

"Na sani."

"In muka hau, sai in huta. Kuma ina son in ƙara jin ta. Ta ce jibi za ta..." Ya juya kai gefe kamar mai saurare. Idonsa ya bar wayar. Leɓɓansa suka fara motsi a hankali, kansa yana ɗan sunkuyawa yana ɗagowa daidai da saukar taɓarya.

"Yaya!" in ji Sauda. "Yaya!"

Bai juyo ba.

Malam Hashimu ya matso gaban wayar har gwiwarsa ta ture butar. Ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa.

"Kamaruddeen."

Sauda ta rufe bakinta da mayafi. A cikin wayar kan ya daina motsi.

"Kamaruddeen, ni ne ubanka Hashimu. Ni nake kiranka. Taho gida."

Ya juyo sannu a hankali, ya dubi mahaifinsa kamar wanda aka tasa daga barci.

"Baba, sake faɗa."

Ya sake faɗa.

Washegari likita ta karanta kalmomi goma, ya kawo uku. Ranar Asabar yana zaune a benci da baƙin tabarau kulob ɗinsa ya sha kashi da maki biyu.

Ya sauka daga motar Kano kwana biyu bayan ruwan farko, mutane duk suna gona suna shuka. An gyara masa ɗakin da ba ya samun rana sosai. Sauda ta so a faskara turmin a sa a murhu, Malam ya ce a bar shi inda yake.

Da hantsi matan maƙwabta sukan fara daka. Kamaruddeen yana zaune a tabarma sai ya tsaya da abin da yake yi, ya karkata kai. Wani lokaci wajen katangar maƙwabta yake karkatawa. Wani lokaci kuma wajen rumbu.

Shi ya sa Malam Hashimu ya daina fita gona da wuri. Yakan zauna a ƙofar zaure da carbinsa, yana kallon ɗansa, yana jira. Da ya ga kan ya juya wajen rumbu, sai ya riga kowa.

"Kamaruddeen."

"Na'am, Baba."