Rimot Na Biyu

"Ba wannan ba," in ji Almustapha, ya ture rimot ɗin da bayan hannu. "Na ce maka mai sauƙi. Ba gadonsa za a ci ba."

Shitu ya mayar da shi kwali. Guda uku ya shimfiɗa a kan teburinsa na bakin tashar Malumfashi, tsakanin cajojin waya da fitilun hannu. Duka ukun gama-gari ne, irin waɗanda ake saka wa lamba su kama kowace talabijin. Na farko baƙi ne mai nauyi, madannansa suna haske. Na biyu talabijin da risiba kaɗai yake ji. Na uku fari ne, in ka ɗaga shi sai ka rantse ba komai a cikinsa.

"Wanne ke taɓa sifika?"

"Baƙin da farin. Amma farin roba ce zalla, in ya faɗi sau biyu ka yi masa sallah."

"Daga nesa fa? A ce mutum yana tsakar gida, ya nuna ta taga."

Shitu ya ɗago kai ya dube shi.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, don haka ya san tagar da ake nufi. Ta ɗakin Baba Maiwada ce, mahaifin Almustapha. Manomin tumatir ne a fadamar Danja tun Shitu bai iya ɗaura wando ba. Shekarar da tumatir ya yi daraja ya sayo talabijin da dishi da sola, da sifiku biyu masu tsayin turmi. Bayan damina biyu hawan jini ya kayar da shi a gona. Ɓarin dama ya mutu, magana ta tafi, aka bar shi da idanu da hannun hagu. A wannan hannun aka ɗaure masa rimot da robar tayar keke don kada ya suɓuce. Tashar Makka yake kallo daga safe zuwa dare, mutane suna kewaya Ka'aba, karatu yana tafiya ƙasa-ƙasa. In yana son ruwa, ko a juya shi, ko a kawo masa tasa, sai ya ƙure muryar talabijin. Duk layin an san wannan. In karatu ya tashi har ya kai bakin masallaci, sai a ce Baba Maiwada na kira.

"Na Baba ya lalace ne?" in ji Shitu.

"Lafiyarsa lau."

"To?"

"To me? Kai ma ai kana ji. Jariri ba ya barci, Najiba ba ta barci. Ƙuda ya sauka masa a hanci, ya ƙure murya. Kunu ya yi zafi, ya ƙure murya, ya huce, ya ƙure murya. In na karɓe nasa, ƙannensa su taso daga Danja su ce na ci zalin tsoho. A'a. Nasa yana hannunsa, mu ma mu samu namu. Wa aka zalunta?"

Shitu ya dubi teburinsa. Tun safe caja ɗaya ya sayar.

"Farin yana kaiwa," ya ce a ƙarshe. "In ba labule."

"Saka batir."

Bayan la'asar Almustapha ya shiga da shi gidan don ya haɗa. Ɗakin yana warin man zafi da fitsarin da aka goge ba a wanke ba. Baba Maiwada yana jingine da matashi biyu, bakinsa a karkace, hularsa daidai a kansa.

Shitu ya durƙusa. "Baba, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

Tsohon ya ƙara murya ɗigo ɗaya, ya mayar. Haka yake amsa gaisuwa.

Shitu ya juya masa baya ya buɗe 'yar takardar lambobi. Ta farko ba ta kama ba. Ta biyu ma haka. Ya san zai iya tsayawa a nan ya ce sifikun tsohon yayi ne, ba sa jin gama-gari, kuma ba wanda zai ƙaryata shi. Amma Almustapha yana tsaye a kansa, shi kuma bai taɓa barin a ce wani kayan wuta ya gagare shi ba. A ta huɗu layin murya ya fito a ƙasan talabijin ya ja baya da kansa.

Baba Maiwada ya dubi talabijin, ya dubi hannunsa. Babban yatsansa bai motsa ba. Ya danna, layin ya hau. Almustapha ya karɓi farin ya danna, layin ya sauka. Tsohon ya sake duban hannunsa, ya daɗe, sannan ya juyo da idanunsa kan Shitu.

"Malam Shitu," in ji Najiba, matar Almustapha, daga taga, goyo a bayanta, "wanne ne na rufe baki gaba ɗaya?"

"Wannan na sama. Mai zanen sifika da aka soke."

"Allah ya yi maka albarka. Baba, ka gani? Yanzu an zama biyu a gari."

Almustapha ya yi dariya. Shitu ya tattara kwalinsa ya fita bai yi wa tsohon sallama ba.

Daga ranar katanga ta sauya magana. Karatu ya tashi, a yanke shi a tsakiyar aya. Ya sake tashi, a sake yankewa. Wani lokaci sau biyar, wani lokaci sau goma, sannan a ji jan silifas ɗin Najiba tana tafiya ɗakin a lokacin da ta ga dama. Wani lokaci ba a jin silifas ɗin.

"Kai ka sayar musu?" Mero, matar Shitu, ta tambaye shi tana ɓarar masara.

"Sana'ata ce."

"Da in ya daɗe yana kira ina leƙawa. Yanzu ban san kira ba ne ko wasa suke yi."

"Ba ruwanki da gidan mutane."

Ta dube shi, ta ci gaba da ɓararta.

Kafin mako ya zagayo kiran ya ragu. Masu zama bakin masallaci suka ce Baba Maiwada ya samu sauƙi, ko rigima ya daina.

Rana ta tara Mero ta tafi Dayi wajen suna, Almustapha kuma ya bi mota zuwa kasuwar Bakori sayen masara. Zazzaɓi ya koro Shitu gida da azahar. Ya haɗiyi magani ya kwanta a tabarma, kansa a jikin katangar.

Karatu ya tashi. Aka yanke.

Ya tashi. Aka yanke.

Shitu ya rufe ido. Amma yau babu tazara a tsakani. Da ana yankewa tsohon yakan jira, kamar mai tara ƙarfi. Yau ana yankewa yake dawowa, da sauri-sauri, kamar mai buga ƙofa da hannu biyu.

Ya tashi ya zura takalmi ya zagaya. A zauren Almustapha ya tsaya, inda kowane namiji baligi yake tsayawa in mai gida ba ya nan. Daga nan zuwa ɗakin tsohon taku goma sha biyu ne, ya ƙirga su ranar da ya zo haɗa rimot.

"Salamu alaikum!"

Sai a sallama ta uku Najiba ta amsa. "Amin, wa'alaikumus salam. Mai gidan ba ya nan."

"Na sani. Shitu ne. Baba nake ji, lafiya?"

"Lafiyarsa ƙalau. Yanzu na ba shi kunu ya shanye tas. Sabon salo ne ya tsiro da shi don ya ga na kwantar da yaro."

"Ki ɗan leƙa shi mana."

"Malam Shitu, hannuna cikin wanki yake. In na leƙa yau, gobe ma haka zai yi. Ai kai ka san maganin abin, kai ka kawo mana."

Karatu ya sake tashi a bayan muryarta, ya mutu.

Shitu ya dubi labulen buhu da ya raba zaure da tsakar gida. Iska tana ɗan ɗaga shi, yana hango gefen baho da kumfa. In ya ɗaga labulen nan, kafin magariba duk layin ya ji cewa Shitu mai caja ya faɗa wa matar aure mijinta yana kasuwa, matarsa kuma tana Dayi. Ya ciro waya ya kira Almustapha.

"Ina kan awo, Shitu, mene ne?"

"Baba yana ta kira."

"To ai shi ya sa muka sayi abin. Ko ya lalace ne tun yanzu?"

"Bai lalace ba."

"To madalla." Ya kashe.

Shitu ya koma gida ya kwanta. Bai daɗe ba karatun ya hau har ƙarshe, inda bai taɓa kaiwa ba, har kwanon rufi yana rawa. Aka yanke, ya dawo nan take. Aka yanke, ya dawo. Wannan ba dannawa ba ce. Kamar an ɗora dutse ne a kan madannin. Jaririn ya tsala ihu.

"To bismilla," ya ji Najiba ta ce. "Mu gani, ni da kai."

Silifas ɗinta suka ja, ba wajen ɗakin tsohon ba, wajen rumfar da batiran sola suke. Aka ji ƙas. Komai ya ɗauke.

Shiru ya sauka a layin, irin wanda aka shekara biyu ba a ji ba. Shitu ya saurara, ya saurara, maganin ya ɗauke shi. Barci ya yi mai daɗi.

Kururuwar Najiba ce ta tashe shi ana kiran la'asar. Wannan karon ba wanda ya tsaya a zaure. Suka tarar da Baba Maiwada ya zame daga matashin ya kife ta ɓarin da ya mutu, fuskarsa a cikin kunun da ya amayar. Hannun hagu yana ƙarƙashin ƙirjinsa. Juyi ɗaya yake buƙata, irin wanda ake yi masa sau biyar a rana.

"Ko kira bai yi ba," Najiba take faɗa wa matan da suka riƙe ta. "Wallahi ko motsinsa ban ji ba."

A ƙofar gida wani dattijo ya ce shi da kunnensa ya ji karatu yana tashi daga ɗakin da azahar. "Mutum ya cika Alƙur'ani na kansa. Wane irin kyakkyawan ƙarshe ya wuce wannan?" Aka amsa da Allah ya sa mu dace. Shitu ma ya amsa.

Liman ya nemi maƙwabci ya riƙe masa buta, aka turo Shitu. Suka kwantar da gawar a bayan ɗaki, aka kare da zane. Robar ta nutse cikin fatar hannun, sai da aka sa reza. Yatsun kuwa suka ƙi sakin rimot ɗin. Liman ya riƙe tsintsiyar hannun, Shitu yana ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

Almustapha ya leƙo ta gefen zanen, ƙurar kasuwa a girarsa, idanunsa jajaye. "A hankali, Shitu," ya ce. "Wannan na asali ne, ba a samun irinsa yanzu."

Shitu ya miƙa masa ba tare da ya dube shi ba.

Babban yatsan ne ya buɗe a ƙarshe. A tsakiyar tsokarsa madannin ya bar shaida, ɗan zagaye mai zurfi, da alamar ƙari a cikinsa, fes kamar an buga hatimi. Shitu ya zuba ruwa ya murza. Ya sake zubawa ya murza da ƙarfi.

"Ya isa," in ji Liman. "Rana tana tafiya."

Shitu ya kwantar da hannun a gefen gawar, ya juya tafin yana kallon ƙasa. Ruwan butar ya bi ta ƙarƙashin zanen, ya ratsa tsakar gida a hankali, ya tsaya a gindin katanga.