Ɗaki Mai Kusurwa Uku

Tsohon mai tayil ya durƙusa da kyar, ya danne bakin tef ɗin awo da yatsa, ya ce wa ɗansa ya ja har bango. Gwiwa ta daɗe da raba shi da sana'a, amma da yaron ya ce ya zo ya auna masa sabon gidansa, ko shayi bai tsaya sha ba. Ba awon ne ya taso shi ba. Mai gidan da yake haya ya ce ya tashi kafin damina, shi kuwa bakinsa ya yi nauyin roƙon ɗan cikinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya zo ne ya ji wane ɗaki za a ce nasa a sabon gidan.

Falo bai ba da wahala ba, tsawo sau faɗi, magana ta ƙare. Ɗaki na gaba yana da lungu kamar gwiwar hannu.

"Irin wannan ba a yi masa awo ɗaya," in ji tsohon. "Ka raba shi biyu a ranka, ka auna kowanne, ka haɗa. Na waye?"

"Na surukarka. Lungun na madubi ne."

"Lallai madubi ya yi sa'a. Wancan fa?"

"Na yara. Na kusa da shi na baƙi, ka san 'yan'uwanta da zuwa."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya ci gaba da jan gwiwa. Ɗakuna suna ta ƙarewa.

Can baya, inda filin ya tsuke, magina sun fitar da wani ɗan ɗaki mai kusurwa uku. Wayar yaron ta yi ƙara, ya fita amsawa. Tsohon ya auna gindi, ya auna tsayi, ya buga lissafi, ya raba biyu. Ba yawa, amma da babu gara ba daɗi. Gado ba zai shiga ba, katifa kuwa wataƙila, in aka karkata ta. Ya waiga, ba kowa. Sai ya kwanta a kan simintin, ya miƙe a jikin dogon bango. Kansa bai taɓa ba, ƙafarsa ma haka. Har da wurin ajiye buta.

"Baba, lafiya? Jiri ne?"

"Awo nake."

Yaron ya yi dariya, ya kama hannunsa ya tashe shi, yana kakkaɓe masa riga. "Ka wahalar da kanka a banza. Nan ba sai an sa tayil ba, janareta za a ajiye."

An ce ka haifi ɗa, ba ka haifi halinsa ba. Tsohon ya naɗe tef ɗinsa a hankali, ya faɗi jimillar gidan, bai sa wannan ɗakin ba.

"Shi ke nan abin da zan sayo?"

"Ka ƙara kwali biyu a kai," in ji shi, yana laluben takalminsa. "Wajen yanka, dole wani ya karye."