Matakai goma sha shida

Shekara hamsin Amparo Sarmiento tana ganin ana zagin uwarta a cikin littattafai, zagi na ladabi irin na masu ilimi. Duk wanda ya rubuta tarihin Arsenio Valdecantos, shahararren mai zanen gine-ginen nan, sai ya zo kan gidan da ya zana wa mahaifinta a gangaren tsaunin Antipolo a 1958, ya ce ba a gina shi ba saboda matar gidan mai camfi ce. Wai ta ƙirga matakalar bene a zanen yadda kowa ke ƙirgawa a ƙasar, uku-uku, zinariya, azurfa, mutuwa, ta ga matakai goma sha biyar ne, na ƙarshe ya faɗa kan mutuwa, ta ce ba da ita ba. Wai gwanin kuma ya ƙi ƙara ko mataki ɗaya. Marubucin farko ya faɗa, sauran suka kwafa.

Amparo tana da shekara goma sha biyu lokacin, ta san ba haka aka yi ba. Sau biyu ta rubuta wa jarida. Amma wa zai saurari malamar lissafi mai ritaya ya bar farfesoshi huɗu?

Sai ga takardar gayyata daga wani gidan tarihi a Manila. Wata mata, Perla Dimaano, ta shafe shekara biyu tana tada gidajen Valdecantos da ba a gina ba a cikin kwamfuta, daga ainihin zanensa na aiki. Gobe za a buɗe wa jama'a, yau da safe ana so iyalan masu gidajen su fara gani.

Tun daga bakin ƙofa Amparo ta hango allon bayani a bango. Camfin nan dai, da manyan baƙaƙe.

Perla ta kama hannunta ta kai goshinta, gaisuwar girmamawa, ta kira ta Lola, wato kaka. "Lola, sannu da zuwa. Zauna in sa miki tabaran da za ki ga gidan da shi."

"Wannan tabarau ne ko tukunyar shinkafa? In wuyana ya karye ke za ki yi jinyata."

"Na yarda. Kada dai ki tashi, da wannan maɓallin za ki riƙa tafiya."

Amparo ta zo ne da faɗa a bakinta, amma da ta buɗe ido sai faɗan ya tsaya. Ga ta a tsakiyar falo. Rana tana shigowa ta tagogin da aka yi da ɓawon katantanwar teku, fara sol kamar ruwan shinkafa. Rufin ya miƙe can waje yana tare ruwan sama, daɓen katakon narra yana sheƙi. Gidan yana da kyau, babu ƙarya. Ta tuna mahaifinta yana shimfiɗa takardun a kan teburin cin abinci, yana danne gefensu da kwalbar ruwan tsami.

Ta nufi matakala. Ba da niyya ba bakinta ya fara, haka duk wanda ya tashi a ƙasar nan yake yi a baƙon gida.

"Zinariya, azurfa, mutuwa. Zinariya, azurfa..."

Da ta kai sama sai ta juyo. Ta sauka, ta sake hawa a hankali.

"Perla! Matakai nawa kika sa?"

"Yadda ya zana, Lola. Ban ƙara ba, ban rage ba."

"Na tambaye ki nawa, ba wa'azi na nema ba."

Perla ta duba kwamfutarta. Ta ɗauko kwafin tsohon zanen ta bi da ɗan yatsa, leɓenta yana motsi.

"Goma sha shida," ta ce. "Zinariya ke nan." Ta juya ta kalli allon bango. "Yesu, Maryama! Ni na gina matakalar nan, kullum kuma ina wuce allon nan."

Amparo ta cire tabaran, idonta ya jiƙe.

"Valdecantos ma uwa ce ta haife shi, 'yata. Uwarsa 'yar lardin Bulacan ce, masu riƙe al'ada, kina tsammani za ta bar shi ya zana mutuwa? Kakata ce dalilin da ya sa ba a gina gidan ba. Ƙafafunta sun mutu tun lokacin yaƙi, shi kuma duk ɗakunan kwana ya kai su sama. Uwata ta ce a yi wa tsohuwa ɗaki a ƙasa. Ya ce zai ɓata falo, a sa ta a bayan gida kusa da masu aiki. Uwata ta naɗe takardun ta miƙa masa, har ta haɗa masa da mangwaro."

Perla ta nuna allon da baki.

"Farfesan da ya rubuta wannan zai cinye ni ɗanya."

"Ki kifa masa tukunyar a ka, ya hau da kansa. Ai ya iya ƙirga zuwa uku."

Perla ta yi dariya, ta tashi ta ciro allon daga ƙusa, ta jingine shi fuskarsa na kallon bango. Ta jawo kujera kusa, ta buɗe sabon shafi.

"To Lola, faɗa mini daga farko. Yaya sunan mahaifiyarki?"

"Consuelo Sarmiento. Rubuta da kyau, zan duba."