Sensei Dwight Ya Tsaya Jiran Maki

Sensei Dwight, mai koya wa ɗana Cody karate a Tulsa, ya dage sai yaron ya shiga gasar damben hannu da ƙafa, inda ake duka na gaske. Yaro ɗan shekara tara!

Na ce, "Sensei, fara shiga mu gani. Ba da kan ɗana za a yi gwaji ba."

Ya shafa baƙin bel ɗinsa. "Haba, Renee, kin ga kofunana kuwa?"

"Na gani. Na wasan taɓa-ka-tsaya ne, inda ake tsayawa da zarar an taɓa mutum."

Ran Asabar ya hau dandalin dambe da wani makanike, Luis, mai atisayen dambe bayan ya tashi daga aiki. Sensei ya kurma ihu, ya ɗaga ƙafa, ya taɓa haƙarƙarin Luis. Shurin ya yi kyau, ba ƙarya. Sai ya sauke hannuwa, ya juya wajen alƙalin wasa yana jiran maki, yadda suka saba a gasarsu.

Nan kuwa ba a tsayawa. Luis ya zabga masa naushi a muƙamuƙi, ya zube.

Yana farfaɗowa ya ce, "Ai ni na fara taɓa shi!"

"Ka taɓa shi kam," na ce. "Cody, ɗauko takalmanka, gida muka yi."