Abin da Kageyama Ya Bari a Firji

A otal ɗinmu akwai doka ɗaya da ko mai otal ɗin ba ya takawa: in baƙo ya manta kaya, ba a kiran gidansa. A adana, a jira ya nema da kansa. Duk otal ɗin da ya san kansa a Osaka haka yake yi, domin ba ka san abin da mutum ya faɗa wa iyalinsa kafin ya fito ba. Wani ya ce Nagoya za shi, kai kuma ka buga waya da ladabinka ka ce ya bar safa a Osaka. Shi ke nan ka kashe aure a kan safa.

Na daɗe a bayan kantar karɓar baƙin nan, tun kaina bai fara furfura ba. Otal ne na masu ƙaramin ƙarfi. In ka buɗe akwati a ɗaki sai ka tsallake shi kafin ka kai banɗaki, taga kuma bangon maƙwabta take kallo. Abin da ke riƙe da mu shi ne babban asibitin da ke tsallaken titi. Rabin baƙinmu can suke zuwa, kuma ba sai sun faɗa ba. Mutum ya sauko da safe ya wuce shinkafa da gasasshen kifi na kyauta ko kallo bai yi ba, da rana ya dawo da auduga manne a hannu, ai ka san ba yawon buɗe ido ya kawo shi ba.

Kageyama-san yana cikinsu. Dattijo ne mai shagon kayan kamun kifi a wani ƙaramin garin bakin teku a Shimane, duk wata yakan zo ya ɗan kwana biyu. Ba ya riƙe wayar hannu, sai lambar gida ya ba ni, kuma ranar da ya ba ni ya ja mini kunne kada in kuskura in kira. A sanin matarsa, sarin kaya yake zuwa yi. Ban tambaye shi dalili ba, ban kuma yi masa wa'azi ba. Mutum ne mai tsabta, yana ninke rigar barcin otal kafin ya tafi, sai dai ba ya barin buroshi ko reza ko sabulu. Duk abin da aka ce kyauta ne sai ya bi shi gida.

Wata safiya a farkon bazara, bayan ya tafi, Uematsu shugabar masu shara ta sauko da farar jakar takarda ta asibiti ta dangwara mini a kan kantar. A firjin ɗakinsa ta same ta. Allurai ne irin waɗanda mutum ke yi wa kansa a gida, ba a raba su da sanyi, ga sunan sashen ciwon daji a jikin jakar ɓaro-ɓaro.

Ta ce in kira gidan. Na ce ba zan kira ba.

“Shizue, wannan ba safa ba ce. Mutumin nan zai iya mutuwa.”

“Ya san inda ya bar su, ya kuma san lambarmu.”

“Ke dai zuciyarki ta fi firjin nan sanyi.”

Na kai jakar firjin ofis, na ture abincin ranar Uematsu gefe na yi mata wuri. Na tsallaka asibitin ma, suka karɓe ni da fara'a suka ce ba sa maganar mara lafiya da wanda ba danginsa ba. Su ma da tasu dokar. Yini ya wuce, wani ya biyo, Kageyama-san bai kira ba. Daga baya na gane dalili: wayar gidan a tsakiyar falo take, matar kuma ba ta zuwa ko'ina. Duk sanda wayar kan kantar ta yi ƙara sai in yi wuf in ɗauka ina zaton shi ne, abin da na tsana ke nan, domin ba na son baƙo ya shiga raina. Uematsu ta daina gaishe ni, sai dai ta buɗe firjin ta rufe da ƙarfi.

Ana nan, wata rana da hantsi, sai ga wata 'yar tsohuwa ta shigo da kayanta na fita unguwa da kwalin alawa naɗe a hannu. Ta rusuna, ta miƙo mini alawar, sannan ta ɗora buroshin haƙoranmu a kan kantar, yana cikin ledarsa mai sunan otal. Ta ce sunanta Teruko, matar Kageyama ce, kuma irin wannan buroshin ya cika mata aljihun tebur. Tun da mijinta ya dawo yake zazzage jakarsa yana sake zazzagewa, ya kasa cin abinci, yau ma ya kasa tashi buɗe shago. Ta tabbata ya bar wani abu a nan, ta zo karɓa.

Na ce mata, da duk ladabin da aka koya mini, ba na iya faɗin wanda ya sauka a nan da wanda bai sauka ba. Ta gyaɗa kai, ba ta ji haushi ba. Sai ta rage murya ta ce ba faɗa ta zo yi ba, ta daɗe da sanin akwai wata. Namijin da ya rame, ya daina shan giya, ya fara kulle banɗaki, ai ba sai an yi mata bayani ba. Tun da ta gane take goge masa riguna da kyau in zai taho, don kada waccan ta ce matarsa ƙazama ce.

“Abu ɗaya nake so in sani, 'yar'uwa. Tana kula da cin abincinsa?”

Uematsu tana bayan labule da tsumma a hannu, ina jin numfashinta. Ni kuwa ina kallon tsohuwar sai wani abu ya faɗo mini: tunda ga ta nan a gabana, ba wanda zai ɗauki wayar gidan sai shi. Na ba ta kujera, Uematsu ta kawo mata shayi, na shiga ofis na rufe ƙofa.

Wayar ta daɗe tana ƙara kafin ya ɗauka. Na faɗi sunan otal, na ce ajiyarsa tana nan cikin sanyi, uwargida kuma tana zaune a falonmu. Na tambaye shi: in ba ta, ko in ce ban san shi ba? Ya tambaya ko ita kaɗai ta hau jirgin ƙasa, domin ba ta taɓa zuwa Osaka ba. Na ce ita kaɗai.

“Ba ta,” ya ce. “Amma don Allah ki naɗe shi.”

Na naɗe jakar da takarda mai kauri, na sa ƙanƙara a leda na haɗa, na miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa, ta ji sanyin a tafinta, ta dube ni. Mutumin kirki ba ya buɗe ƙunshi a gaban wanda ya ba shi, amma ta koma kujerar ta warware shi a cinya, a hankali, ba ta yaga takardar ba. Ta sa tabarau ta karanta jikin jakar. Sannan ta ɗaga kai ta kalli asibitin ta gilashin ƙofa, ta daɗe tana kallo. Wasu baƙi biyu suka shigo da akwatuna, na ba su makullai, suka hau sama.

Da falon ya koma shiru ta mai da naɗin yadda na yi shi, ta zo gaban kantar. Ba ta yi kuka ba, amma na ga tausayinta ya hana Uematsu fitowa, ni ma ya kama ni.

“Da macen ce,” ta ce, “da na san yadda zan yi.”

Ta tambayi jirgin da zai fi saurin kai ta gida, da ko ƙanƙarar za ta kai. Na ce za ta kai. Ta rusuna ta yi godiyar ɗawainiyar da muka yi da baban yara duk tsawon lokacin nan. Har ta kai ƙofa ta dawo, ta ce wata mai zuwa in ajiye musu ɗaki mai gado biyu. Na gaya mata gaskiya, duk ɗakunanmu na mutum ɗaya ne.

“To ba komai,” ta ce. “Ki ba ni na jikin nasa. Bangon yana da kauri?”

Na ce ba shi da shi, ko tari mutum ya yi ana ji.

Ta ce hakan take so.